Tambayoyi da amsoshi kan katun ɗin da aka zana da hannu da mutanen da suka zana shi

Sana'ata rubuta allunan shaguna da zanen bango a nan Tahoua, kuma na daɗe ina tara yaran unguwa a rumfata ranar Lahadi da hantsi ina koya musu riƙon fensir. Iyayensu, waɗanda akasarinsu tsarana ne, sukan ɗan zauna a kan benci idan sun zo ɗaukarsu, kuma da wuya hira ta yi nisa ba ta koma kan katun ɗin da muka kalla muna yara ba, wato abin da muka fi sani a Nijar da desan anime. Na lura cewa kowa yana tuna mussa da kusu, wato Tom da Jerry, kowa yana iya rera waƙar buɗe shiri, amma da ƙyar ake samun mai kiran sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka duƙa a kan tebur suka zana su. Wannan ne ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su a wuri guda da abin da na karanta da kuma abin da hannuna ya koya mini.

Malam, me ake nufi da katun ɗin hannu, kuma ta yaya zane yake motsi?

Ido ake yi wa dabara. Fim ɗin sinima yana wucewa da hotuna 24 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma idan kowane hoto ya ɗan bambanta da wanda ya gabace shi, sai ido ya haɗa su ya ga tafiya ko tsalle ko murmushi. A fim ɗin mutane, kyamara ce take ɗaukar waɗannan hotuna daga abin da yake faruwa a gabanta. A katun ɗin hannu kuwa, dole mutum ya zauna ya zana kowane hoto da kansa. Gajeren katun na minti 7 yana da hotuna 10,080. Ko da an bi hanyar da aka saba ta ɗaukar kowane zane sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, ana maganar zane fiye da 5,000 ke nan, kuma wannan lissafin halitta ɗaya ce tak a fili. Tun a 1908 wani Bafaranshe mai suna Émile Cohl ya yi Fantasmagorie da zane kusan 700, fim ɗin kuma bai cika minti 2 ba.

Wace hanya zanen yake bi daga takarda har ya iso allon tele?

Wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗin amsawa, domin a cikinta ne ake ganin yawan hannayen da aikin yake ratsawa. Da farko ana zana labarin a ƙananan hotuna a lillika su a bango, kowa ya zo ya duba ya yi gyara. Sannan babban mai zane ya zauna a tebur mai gilashi wanda aka kunna fitila a ƙarƙashinsa, ya sa takardarsa mai huji a kan ƴan ƙusoshin da ke hana ta gocewa, ya zana manyan gaɓoɓin motsi kaɗai: inda hannu ya fara ɗagawa, inda ya kai ƙarshe, inda ya sauka. Yana riƙe da takardu huɗu ko biyar tsakanin yatsunsa yana kaɗa su gaba da baya don ya ga ko motsin ya yi rai. Mataimakansa ne suke cike zanen da ke tsakani, su kuma tsabtace layukan.

Daga nan sai aikin ya koma hannun masu tawada da fenti. Akwai wata takardar roba mai garai-garai wadda ake ganin abin da ke bayanta, ana kiran ta sel, kuma wani Ba'amurke mai suna Earl Hurd ne ya yi rajistar dabarar amfani da ita a 1914. Ana ɗora ta a kan zanen fensir a bi layukan da tawada ta fuskar gaba, a juya ta a shafa fenti ta baya, domin kada fentin ya rufe layi. Masu wannan aiki suna sa safar hannu ta auduga, saboda shatin yatsa ɗaya yana iya fitowa a allon sinima kamar tambarin tafin hannu a bangon da aka yi wa farar ƙasa. Ni da nake aiki da buroshi kullum na san abin da ake nufi da jan layi mai kauri ɗaya daga safe har yamma ba tare da hannu ya yi rawa ba.

Wani mai zanen daban ne yake yin bayan fage, wato ɗaki ko daji ko titi, sau ɗaya a kan takarda mai kauri. A ƙarshe mai kyamara ya shimfiɗa bayan fagen, ya ɗora sel a kai, ya danne da gilashi, ya ɗauki hoto, ya ɗaga gilashin, ya cire sel ɗin, ya sa na gaba. Haka zai yi ta yi sau dubbai, kuma idan ya tsallake lamba ɗaya ba zai gane ba sai bayan an wanke fim ɗin.

Su wane ne suka ƙirƙiro Tom da Jerry?

William Hanna da Joseph Barbera ne, a kamfanin MGM na Amurka, kuma na farko ya fito a 1940. Tsakanin wannan shekara da 1958 sun fitar da gajerun finafinai 114, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. Rabon aikinsu yana da ban sha'awa: Barbera ne mai labari da zanen farko, Hanna kuma shi ne mai auna lokaci, shi yake yanke hotuna nawa za su wuce tsakanin faɗuwar guduma da ihun mussa. Sanannen ihun nan na Tom ma muryar Hanna ce da kansa. Amma waɗanda suka fi zama a kan tebur suna motsa halittun su ne Kenneth Muse da Irven Spence da Ray Patterson da Ed Barge, kiɗan kuma na Scott Bradley ne, wanda yake tsara shi ya bi kowane taku da kowane ƙiftawar ido. Sunayen nan suna fitowa a farkon kowane fim na ƴan daƙiƙu, mu kuwa a lokacin ƙagara muke yi rubutun ya wuce. Mai kula da sashen, Fred Quimby, shi ne yake hawa dandali ya karɓi kyaututtukan, alhali ba shi yake zanen ba.

Abin da ya sa wannan katun ya shiga gidajenmu fiye da kowane shi ne kusan babu magana a cikinsa. Kakata ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, amma takan yi dariya har ta share hawaye da bakin zanenta, tana cewa kusun nan Gizo ne ya sake kama.

Me ya sa wasu Tom da Jerry suke da wata irin kama da wani irin sauti daban?

Domin ba hannu ɗaya ne ya yi su ba. MGM ya rufe sashensa na katun a 1957, duk da cewa na ƙarshen da Hanna da Barbera suka yi masa sai a 1958 suka fito. Daga baya aka ba Gene Deitch aikin, ya yi guda 13 a birnin Prag a 1961 da 1962 da kuɗi kaɗan, shi ya sa sautinsu yake da amsa-kuwa, motsinsu kuma yake da tauri. Bayansa Chuck Jones ya yi guda 34 tsakanin 1963 da 1967, kuma ana gane nasa da kaurin girar Tom da manyan idanun Jerry.

Na tuna idan ana gudu, taga ɗaya da kujera ɗaya suke ta wucewa. Kuskure ne?

Tattali ne. Da Hanna da Barbera suka kafa kamfaninsu a 1957 suka koma yi wa talabijin aiki, sai suka tarar ana buƙatar shiri kowane mako da kuɗin da bai kai na gajeren fim ɗin sinima ba. Saboda haka suka rage zane ta kowace hanya. Bayan fage doguwar takarda ce wadda ƙarshenta ya dace da farkonta, ana ja ana maimaitawa. Jikin halitta yana tsaye a sel ɗaya, kai yana kan wani, baki yana kan na uku, sai a riƙa sauya bakin kaɗai. Shi ya sa za ka ga dabbobinsu da yawa sanye da kwala ko laƙataye ba riga: kwalar ce take ɓoye inda kai ya rabu da jiki. Da wannan dabara aka yi The Flintstones a 1960 da Scooby-Doo a 1969. Karen nan Scooby-Doo, Iwao Takamoto ne ya zana shi, ɗan asalin Japan haifaffen Amurka, wanda ya fara koyon zane a sansanin Manzanar inda aka tsare shi da iyalinsa lokacin yaƙin duniya na biyu.

Akwai wani sirri da yaran zamaninmu suka gano da kansu. Idan ka ga dutse ɗaya a cikin duwatsu, ko ƙofa ɗaya a cikin ƙofofi, launinsa ya fi na sauran haske da santsi, to shi ne zai motsa. Dalili shi ne an shafa masa fenti a kan sel, sauran kuwa suna cikin bayan fage da aka yi da wani fenti a kan takarda. Mukan yi rige-rigen nuna shi da yatsa kafin ya motsa.

Goldorak da Olive et Tom ba na Faransa ba ne?

Da Faransanci suka iso mana, amma a Japan aka zana su. Goldorak aikin Go Nagai ne, sunansa na asali Grendizer, kamfanin Toei ya yi shi, aka fara nuna shi a 1975, ya shiga talabijin ɗin Faransa a watan Yulin 1978. Olive et Tom kuma shi ne Captain Tsubasa na Yoichi Takahashi, wanda ya fara a mujalla a 1981 ya koma talabijin a 1983. Waɗanda suka kalle shi da Larabci sun san shi da Kaftin Majid. Duk wanda ya tuna filin ƙwallon nan da ake gudu a cikinsa har raga ta ɓace a bayan tudu, da wasa ɗaya da yake cin makonni, ya ga yadda masu zanen Japan suke mai da ƙarancin zane ya zama jan rai. Osamu Tezuka ne ya shimfiɗa wannan hanya da Astro Boy a 1963, inda ake wadatuwa da zane 8 ko ƙasa da haka a daƙiƙa, a tsai da hoto ɗaya mai kyau a bar kyamara ta yi tafiya a kansa.

Wanda na fi girmamawa a cikin na Japan shi ne Heidi na 1974, mai kashi 52. Isao Takahata ne ya jagorance shi, Hayao Miyazaki yana tsara fage, Yoichi Kotabe yana zana halittu, kuma kafin su fara sai da suka je Suwizalan suka ga duwatsun da awakin da bukkokin da idanunsu. Ana ganin amfanin wannan tafiya a yadda yarinyar take tatsar akuya da yadda kakanta yake yanka cuku. Na Faransa na gaske shi ne irin na Albert Barillé, wanda ya fara jerin Il était une fois da tarihin ɗan Adam a 1978, daga baya ya yi na cikin jikin mutum, wanda ya koya wa da yawa daga cikinmu aikin jini tun kafin malamin lakwal ya zo kansa.

A Nijar an taɓa yin irin wannan aiki kuwa?

An yi, kuma wanda ya yi shi a garin nan ya zauna. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 a N'Dougou, yana cikin mutanen farko da suka yi katun a Afirka ta kudu da Sahara, kuma masana tarihin fim a duniya suna ambatonsa da haka. Tun yana yaro yake haɗa wa mutanen garinsu wasan inuwa da fitila da hotunan da ya yanka da hannunsa, kafin ya san yadda ake yin sinima. Ya yi aikin kanikanci, sannan a Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, wanda ya buɗe masa ƙofar koyon fim, har ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, gwanin da ya shahara da zana hoto kai tsaye a jikin fim ba tare da kyamara ba.

A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, labarin masarautar kwaɗi, wanda ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A shekarar 1966 ɗin ya yi Bon Voyage Sim, fim na kimanin minti 5, baƙin layi a kan fari, inda shugaban jamhuriyar kwaɗi yake kai ziyarar aiki wata ƙasa. Akwai faretin sojoji, akwai jirgin sama, akwai masu busa da masu tafi, duk kwaɗi. Ku tuna shekara 6 kacal ke nan da samun ƴancin kai, lokacin da bukukuwan tarbar shugabanni suke cika gari, sai ga wani saurayi ɗan Nijar ya ɗauki alƙalami ya nuna wa mutane abin da idonsa yake gani. Ranar da na fara kallonsa, a wayar wani abokina, na riga na yi aure har da ƴaƴa. Na ce ya maimaita mini sau uku. Layinsa ba shi da ado, amma kumburin ƙirjin kwaɗon nan yayin da yake duba sojojinsa ya isa ya nuna maka cewa mai zanen ya daɗe yana kallon kwaɗi, ya kuma daɗe yana kallon masu mulki.

Bai tsaya a zanen takarda ba. A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana masu launi, yana motsa su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto. Ya kuma yi Kokoa, inda dabbobi suke kokowa a fili da ƴan kallo da alƙali, abin da duk mutumin Ader zai gane nan take, tun da a Tahoua aka yi gasar kokowar gargajiya ta ƙasa ta farko a 1975. Yana da finafinan mutane ma, irin su Le Retour d'un aventurier na 1966 da F.V.V.A. na 1972 da Toula. Ya yi shekaru yana jagorantar sashen fim a jami'ar Yamai, daga baya ya dawo Tahoua ya riƙe otel, ya mai da wani ɓangarensa ɗakin aiki, har ya koyi aiki da kwamfuta da furfurarsa. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. Allah ya jiƙansa da rahama.

To me ya sa muka san Tom da Jerry ba mu san shi ba?

Wannan tambaya tana yi mini ciwo, domin na sha wucewa ta gaban inda yake aiki da gwangwanin fentina a bayan keke, ban taɓa tsayawa na yi sallama ba. Dalilan a fili suke. Kamfanonin Amurka da Japan suna da ɗaruruwan ma'aikata da ɗaruruwan shirye-shirye da suka riga suka mai da kuɗinsu a gida, saboda haka suna iya sayar wa gidajen talabijin na Afirka da araha, su cika musu lokacin yara na shekara guda. Alassane kuwa kusan shi kaɗai yake aiki da ƴan mataimaka, fim ɗinsa minti 5 ne ko 15, kuma irin waɗannan finafinai sun fi yawo a bukukuwan sinima, kamar FESPACO na Wagadugu, fiye da gidajen mutane. A 2017 gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya ware kwanaki yana nuna ayyukansa. Ra'ayina shi ne ya kamata kowane ɗan lakwal a Tahoua ya ga Bon Voyage Sim kafin ya gama firamare, kuma wannan ba ya buƙatar komai sai malami mai niyya da allo fari.

Wata Hajiya ta tambaye ni: duk maza ne suke wannan aiki?

A'a, Hajiya, hannun mata yana cikin kusan kowane hoto da muka gani. A manyan kamfanonin Amurka na wancan zamani, sashen tawada da fenti kusan duk mata ne, albashinsu kuma yana cikin mafi ƙanƙanta. A shekarun 1930 kamfanin Disney yakan amsa wa matan da suka nemi aikin motsa zane cewa wannan aikin maza ne. Retta Scott ce mace ta farko da aka rubuta sunanta a matsayin mai motsa zane a fim ɗin kamfanin, wato Bambi na 1942, kuma karnukan farauta masu ban tsoro na cikinsa nata ne. Tun kafin wannan, wata Bajamushiya mai suna Lotte Reiniger ta shafe shekara 3 tana yanka kwali da almakashi, ta fitar da labarin Yarima Ahmad daga Dare Dubu da Ɗaya a 1926, kuma shi ne dogon katun mafi tsufa da ya rage a duniya. A Japan, Michiyo Yasuda ce ta zaɓi launukan yawancin finafinan Miyazaki.

Yaushe aka daina, kuma kwamfuta ce ta kashe shi?

Sannu a hankali abin ya tafi. Tun a 1961, a fim ɗin karnukan nan 101, Disney ya yi amfani da injin kwafi wajen ɗora zanen fensir a kan sel, masu tawada da yawa suka rasa aiki. A 1990 kamfanin ya fitar da fim ɗinsa na farko da aka shafa wa launi gaba ɗaya a kwamfuta, a 1995 kuma Toy Story ya zo, wanda babu zanen takarda a cikin motsinsa. Shirin talabijin na ƙarshe da ya riƙe sel shi ne Sazae-san na Japan, wanda ake nunawa tun 1969, shi ma ya bari a 2013. Sai dai a bambance abu biyu: sel ya tafi, zanen hannu yana nan. Kirikou na Michel Ocelot, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Gini, ya fito a 1998 da zanen hannu da kiɗan Youssou N'Dour. Miyazaki ya ci Oscar a 2024 da fim ɗin da aka zana da fensir. Yawancin katun ɗin Japan na yau ma hannu ne yake zana su, ko a takarda ko a allon kwamfuta.

Gaskiya na da ya fi na yanzu kyau, ko kewar ƙuruciya ce kawai take damunmu?

Duka biyun suna ciki, kuma ba na jin kunyar kewar. A unguwarmu tele ɗaya ce, fari da baƙi, a gidan wani maƙwabcinmu ma'aikacin gwamnati. Da yamma yakan sa a fito da ita tsakar gida a ɗora a kan tebur, a cire mata ƙyallen da uwargidansa ta saƙa mata, a haɗa ta da batirin mota. Sharaɗin shiga shi ne ka wanke ƙafa kafin ka hau tabarma. Babban ɗansa yana can jikin ƙarfen eriya yana juyawa, mu kuma muna ihu muna cewa ya yi, ya yi, a'a koma baya. Idan batir ya fara rauni sai hoton ya riƙa tsukewa daga sama da ƙasa, mu ma mu riƙa matsowa har gwiwoyinmu su taɓa ƙafar tebur. Yayana, Allah ya jiƙansa, shi ne mai fassara mana Faransanci, kuma na gane daga baya cewa rabin abin da yake faɗa daga kansa yake ƙago shi, ya kuma fi na asalin daɗi. Washegari da safe sai mu zauna a rairayi da tsinke kowa yana gwada zana abin da ya gani. A wannan rairayi na fara sana'ar da nake ci da ita yau.

Amma akwai abin da yake cikin zanen kansa. Layin hannu yana kauri yana sirancewa gwargwadon yadda mai shi ya danna, launin bayan fage yana nuna sawun buroshi, kuma idan ka saba za ka iya bambance gudun da Irven Spence ya zana da wanda Kenneth Muse ya zana, kamar yadda ake gane ɗinkin hula da hannun mai ita. Akwai katun ɗin da na da marasa kyau da yawa, waɗanda aka yi cikin gaggawa don sayar da kayan wasa, akwai kuma na kwamfuta masu kyau ƙwarai. Abin da nake ƙi shi ne irin waɗanda suka cika wayoyin yara yanzu, masu walƙiya da ƙara, inda babu daƙiƙa ɗaya da aka bar ido ya huta a kan hoto.

Duk tsohon katun ya dace a nuna wa yara?

Bai dace duka ba, kuma ina roƙon iyaye su fara kalla. Gajerun finafinan shekarun 1930 zuwa 1950 an yi su ne don gidajen sinima inda manya suke, a zamanin da wariyar launin fata take da ƙarfi a Amurka. A cikin Tom da Jerry akwai baƙar mace mai aikin gida da aka zana ta da siffar raini, akwai kuma wuraren da abu yake fashewa fuskar halitta ta koma baƙa da manyan leɓɓa don a yi dariya. A 1968 an janye katun 11 na kamfanin Warner daga talabijin saboda irin wannan. Muna yara ba mu gane da mu ake ba. Ni idan na zo irin wannan wuri da ɗalibaina nakan tsai da fim ɗin na bayyana musu abin da ake nufi da wanda ya zana da lokacin da ya zana, domin gwanintar hannu ba ta wanke mutum daga laifin abin da ya zana.

Ina zanen asali suka tafi?

Da yawa sun salwanta. A farkon zamani ana wanke sel a sake amfani da shi, har Chuck Jones ma da aikin wankin sel ya fara. Wasu an zubar da su don a samu wurin ajiya. Waɗanda suka rage suna lalacewa da kansu: robar tana lanƙwashewa tana warin tsami, fenti yana ɓamɓarewa, zafi kuma yana gaggauta haka. Yau masu tara kayan tarihi suna sayen su da tsada.

Yarona ba ya rabuwa da zane. Da me zai fara?

Da tsohon littafin rubutu da fensir. Ya fara daga shafin ƙarshe, a kusurwar ƙasa, ya zana ƙwallo a sama. Ya sauke shafi na gaba a kai, zai hango inuwar na farko, ya zana ƙwallon ya ɗan sauko. Tazarar ta riƙa ƙaruwa yayin da ƙwallon yake faɗowa, idan ya taɓa ƙasa ya zana shi a ɗan baje kamar an danna ƙosai, sannan ya tashi tazarar tana raguwa. Shafi 24 sun isa. Idan ya kaɗa kusurwar da babban yatsa ya ga ƙwallon ya yi tsalle, ku dubi fuskarsa a wannan lokacin. Kada ku tsawata masa don ya cika littafi da zane. Ku ware masa nasa daban da na karatu.

Bayan ƙwallo nakan hana ɗalibaina kwaikwayon abin da suke gani a waya na ɗan lokaci. Nakan tura su su kalli yadda raƙumi yake durƙusawa a kasuwar dabbobi, gaba ya fara sauka sannan baya, da yadda mai daka take ɗaga taɓarya ta yi tafi kafin ta cafe, da yadda ɗan kokowa yake gwada ƙafa kafin ya kai hannu. Da damina kuma mukan je bakin tabki da yamma mu zauna mu jira kwaɗo ya yi tsalle, mu ƙirga abin da yake fara motsawa, ƙafar baya ko wuya. Wanda ya kawo zane 12 na tsalle ɗaya, sai mu jera bulo biyu, mu gitta katako, mu kwantar da waya a kai kyamararta tana kallon ƙasa, mu danne takardar da duwatsu huɗu saboda iska, mu ɗauki hotunan ɗaya bayan ɗaya.